Matar da Take Durƙusa wa Kwalabe

Da na san abin da tawul ɗin nan zai ɓoye, da hannuna bai kai gare shi ba. Amma bari in fara da wadda ta ɗaga shi.

A asibiti, a ɗakin masu ciwon ƙirji, Uwar Kwalba ake kiranta. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta talatin da ɗaya a ɗakin, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Duk wanda aka yi wa aikin huhu akwai robar da ke fitowa daga haƙarƙarinsa, tana zubar da ruwa da jini cikin kwalba a gefen gado. Kafin ta gaida marar lafiya, kwalbarsa take fara gaisarwa. Takan durƙusa, gwiwa na ƙara, ta ja layi da biro a kan filastar da ta manna, ta rubuta lokaci. Mai sharar ɗakin ta rantse mini ba ta taɓa ganin ta duba kwalba a tsaye ba.

'Yata ta fari, mai shekara goma sha tara, aka cire wa ɓangaren huhun dama da ciwo ya cinye. Likita ya ce yanzu ba zare kaɗai ke rufe jijiyoyin jini ba, akwai na'urar da ke dasa ƙananan ƙarafa a jere, kamar abin maƙale takardu na ofis. Ni direba ne, kai kawai na gyaɗa.

Da hantsi aka fito da ita daga ɗakin tiyata. Uwar Kwalba ta ja layinta, sai aka kira ta wani ɗaki. Matata ta kalli kwalbar ta kau da kai.

"Malam, rufe abin nan, ba na iya kallonsa."

Na yafa wa kwalbar tawul, na tura ta ƙarƙashin gado, ina ganin na kyauta. Yarinyar ta ce, "Baba, ƙishi nake ji, da sanyi." Na ce maganin barci ne bai gama sakinta ba.

Uwar Kwalba ta dawo tana dariya. "Baban yarinya, wa ya yi wa kwalbata lulluɓi? Amarya ce?"

Ta durƙusa ta ɗaga tawul, dariyar ta ɗauke. Jini ya wuce layinta da yatsa huɗu. Ta damƙe robar a tafin hannu, ta ce, "Da ɗumi. Yanzu yake fitowa."

Ta kira likita a waya. Na ji yana tambayar abin da na'urar awon bugun zuciya ta nuna. Ta ce, "Likita, na'ura sai yarinya ta faɗi za ta yi kuka. Ni ba zan jira ta ba. Taho."

Ita ta tura gadon da hannunta har ƙofar ɗakin tiyata. Bayan awa biyu likita ya fito ya ce layin ƙarafan ne ya saki a bakin wata jijiya, kuma da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi.

Na tsaya ina jiran faɗa. Ke kuwa, Uwar Kwalba, ba ki kunyata ni a gaban matata ba. Biro kika miƙo mini washegari, kika ce, "Tunda hannunka ba ya zama, ga aiki. Durƙusa." Kwana shida ina jan layi ƙarƙashin naki, kina cewa rubutuna kamar kaza ta taka tawada.

Ke ce idon da ba ya ƙyamar abin da mu iyaye muka kasa kallo. Na gode. Allah ya saka wa gwiwoyin nan. Masu jinya, ku koyi durƙuson nan kafin ta tafi da shi gida. Iyaye kuma, komai tashin hankali, kada ku rufe abin da aka ajiye don a gani.

'Yata tana gida, tana hawa matakala a hankali. Har yau likita bai san ko na'urar dasa ƙarafan ce ba ta kama da kyau ba, ko jijiyar ce ciwo ya raunana. Ni kuma ban san wanda zai durƙusa gaban kwalaben nan ranar ɗaya ga wata ba.