Ranar da Baba Isiya Ya Sauka Cikin Shanu

Akwai ranar da har yau ba ta bar kaina ba, ranar da muka ɗauko shanun Alhaji Mudi daga Kurfi za mu kai kara, kasuwar shanu, a Dutsin-Ma. Bayan girbin wake ne. Ni a lokacin shekarata uku a aikin rakiya.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗan rakiya shi ne wanda ke hawa saman motar shanu, ya zauna kan katakon da aka gitta a bodi, idonsa a ƙasa. In saniya ta faɗi, sauran za su tattake ta. Dole wani ya sauka ya ɗaga ta da igiya. In ta kusa mutuwa, ya yanka ta kada ta zama mushe. Direba ba ya ganin bayansa, don haka da sanda muke magana da shi. Mu bugi rufin kan mota sau biyu, ya rage gudu. Sau uku, ya tsaya. Kuma a ƙa'ida ƙarami ne ke sauka, babba ya riƙe sanda.

Babbanmu a ranar Baba Isiya ne, mutumin Karofi. Shi ya koya mani ɗaurin igiya. Ni ne ƙarami.

Direban kuwa Jirgi ake ce masa. Kafin mu tashi na gan shi wajen mai shayi ya watsa ƙwayoyi a baki ya kora. Idanunsa jajur. Na je na faɗa wa Baba.

Ya ce, "Na gani, Sabi'u."

Na ce, "To mu hau?"

Ya ce, "Shanun nan wa zai duba su? Hau."

Ban faɗa wa kowa ba bayan shi. Ɗan rakiya ba ya kai ƙarar direba. In ka yi, gobe babu motar da za ta ɗauke ka.

Alhaji Mudi ya shiga gaba. Ina ji ya ce wa Jirgi, "Masu sayen Kudu ba su jira. In ka kai ni da wuri ka san ni." Jirgi ya yi dariya ya ce, "Alhaji, riƙe hularka."

Muna fita gari ya taka mota. Na sha hawa bayan direbobi masu gudu, wannan daban ne. Ba ya kauce wa rami. Ba ya rage gudu a kwana. Ya tura wani mai babur da buhun hatsi cikin gona. Katakon da nake kai yana tsalle da ni, na rungume shi da hannu biyu. Na fara salati, na kasa kai shi ƙarshe, sai in koma farko. Ina tunanin wa zai je garinmu Kuki ya faɗa wa tsohuwata.

Sai wata farar saniya mai ciki ta zube a tsakiya.

Baba ya buga sau uku. Mota ba ta rage ba. Ya sake bugawa. Jirgi ya fito da hannu ta taga ya yi mana alamar mu yi haƙuri. Saniya na ƙasa tana nishi, wani bijimi ya ɗora mata ƙafa a wuya.

Saukar tawa ce. Na sani, Baba ma ya sani. Na ce wa ƙafafuna su motsa, suka ƙi. Hannuna ya ƙi sakin katako. Baba ya dube ni. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ya miƙo mani sanda ya ce, "Riƙe. Kar ka daina bugawa."

Ya sauka.

Ya samu ya zarga mata igiya a ƙaho, ya tura bijimin da kafaɗa. Ta kusa miƙewa. A nan Jirgi ya zo wuce wata mota a kwana, ya ga wata tana tahowa, ya taka birki gaba ɗaya. Duk shanun suka taho gaba suka haɗe. Baba yana tsakaninsu da ƙarfen bodi. Na ji sautin. Ba zan kwatanta shi ba.

Na yi ta bugawa har sanda ta karye. Na buga da hannu har ya fashe. Mota ba ta tsaya ba sai a bakin kara.

Da aka buɗe ƙofa aka jawo Baba yana numfashi, jini a baki. Jirgi ya ce wallahi bai ji bugu ba. Alhaji Mudi ya ce shi ma bai ji ba. Kafin la'asar Baba ya cika a asibiti. Farar saniyar ta tashi, an sayar da ita a ranar. A wajen zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ni na ga hannun da ya fito ta taga. Bayan sadakar bakwai Jirgi ya koma hanya.

Yanzu ni ke riƙe sanda. Muna fita daga kara, mota tana tafiya a hankali, nake buga uku ba tare da komai ya faɗi ba. In direba ya tsaya, mu tafi. In bai tsaya ba, ni da mutanena mu diro, ya nemi masu raka shi. Wasu direbobin sun daina ɗaukata saboda haka. Ban damu ba. Kuma muddin taya na juyawa babu mai sauka cikin shanu, ko saniyar ta waye ce.

Ku da kuka shigo aikin nan kuna jin ana cewa Baba Isiya jarumi ne, ya mutu a kan amanar shanu. Gaskiya ne. Abin da ba a faɗa maku ba, kuma ban taɓa faɗa wa iyalinsa ba, shi ne saukar nan tawa ce.