Kakar Rambutan a Lambun Makcik

A shekararmu ta biyu a unguwar Taman Melati, can ƙasar Malay, na fara aikin lambu. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, ya fita da safe sai magariba, yaranmu biyu suna makaranta, ni kuwa ina can saman bene ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta taga. In share gida, in sake sharewa, in leƙa tukunya, har yanzu azahar ba ta yi ba.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar ƙabilar Malay. Kowa Makcik yake ce mata, wato inna, mijinta kuma Pakcik, wato kawu. Da guntun Turancinta da guntun Malayancina muke hira, sauran mu cike da hannu. Wata rana ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da leda cike da wasu jajayen abubuwa masu gashi buzu-buzu. Na ja da baya, don na ɗauka wata halitta ce ta ruwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta murɗe ɗaya da yatsu, sai ga wani fari tas kamar dafaffen ƙwai.

"Makan, 'yata, ci lah. Rambutan ne."

Na saka a baki. Zaƙi da ɗan tsami-tsami, ga ruwa. Kafin ta gama bayani na tara ɓawo a tafin hannu.

Bayanin kuwa shi ne, Pakcik yana da lambun da ya gada a wajen Gombak, can inda gidaje suka ƙare daji ya fara. Duk lokacin da rambutan ya nuna sai su buɗe wa jama'a, kowa ya shigo ya tsinka da hannunsa, ya ci iya cinsa, abin da zai tafi da shi gida a ɗora a sikeli. Bana kuma 'yarsu da ke taya su ta haihu, tana zaman jego, ga bishiyoyi sun yi 'ya'ya har rassa suna neman karyewa.

"Za ki iya zuwa ki taya ni? Boleh?"

"Boleh!" na ce, tun kafin in nemi izini.

Da maigidana ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya dube ni ya ce, "Ke da gyare ma yake sa ki hau kujera, ke ce za ki shiga daji?"

Na ce, "Haba Baban yara, ka manta a garkar kakana na tashi a Kura? Har gwaiba na sha hawa."

Ya yi murmushi ya ce to, amma da sharaɗin kullum in dawo masa da nasa kason.

Bayan na kai yara makaranta muke tafiya a tsohuwar motar Pakcik mai buɗaɗɗen baya. Ranar farko da muka sha kwanar ƙarshe sai da na yi salati da ƙarfi. Gangaren tudun duka ya yi jajir, kamar an shanya barkono a kan bishiyoyi. Iska tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani ɗan rafi yana gudu a ƙasa. Na dire daga mota zanena ya kusa harɗe ni.

Aikina na farko shara ce. A kwashe waɗanda suka faɗo cikin dare, a tara ɓawon da baƙin jiya suka zubar, a jera kwanduna a bakin rumfa, a goge sikeli. Daga nan sai in ɗauki gora mai almakashi a baki, wadda ake ja da igiya, in zagaya in gane bishiyoyin da suka nuna sosai. Makcik ta koya mini cewa ba a cire rambutan ɗaya-ɗaya, da reshensa ake yanko shi, in ba haka ba kafin a kai gida ya yi baƙi. Pakcik shi yaƙinsa da birai ne. Ya rataye gwangwanaye a igiya daga bishiya zuwa bishiya, da ya hango su sai ya ja, lambu ya kaure da ƙara. Su tsere, su zauna a kan shinge suna ɓare abin da suka sato suna kallonsa.

Ranakun Asabar da Lahadi ne kasuwa. Iyalan Sinawa da hulunansu masu faɗi, Indiyawa daga unguwar Sentul da tsofaffinsu, Larabawa 'yan jami'a. Ni nake tarbarsu in miƙa kwando, in nuna hanya, in gargaɗe su a kan kerengga, wasu jajayen tururuwa masu cizo da ke naɗe ganye su yi gida a sama. Wasu su tsaya suna kallona, baƙar mace da hijabi da takalmin roba tana ba su umarni da gurguwar Malayanci. Ban damu ba. Da yamma in dawo gida ƙafafuna suna zugi, hannuwana duk tabon cizo, ina ba da labari har abinci ya huce.

Daɗin ne ya ishe ni ni kaɗai, na sanar a zauren wayar matan Hausawa cewa duk mai so ta zo ranar Asabar. Na ce wa Makcik wataƙila mutum biyar ko shida su zo. Da hantsi sai ga motoci a jere, har da wata bas da aka ɗauko haya. Mata da goyo, yara suna ihu da Turanci da Malayanci, kuloli, tabarmi, jarkokin zoɓo. Har da wasu samari 'yan kwaleji da suka ji labari a masallaci suka biyo baya. Makcik ta dafe ƙirji ta dube ni.

"Waɗannan su ne shidan?"

Na ce, "Makcik, a garinmu in kin gayyaci mutum ɗaya, da unguwarsu yake zuwa."

Kwanduna suka ƙare, aka koma tarawa a gyale da bakin zane. Ɗaya daga samarin yana can ƙololuwar bishiya yana ƙwala mini kira da broka, "Anti, dis tin swit dai!" Ni kuwa ina ta gudu daga nan zuwa can, wannan tana neman gora, waccan ɗanta ya haɗiye ƙwallon rambutan, murya har ta dishe.

A cikin matan akwai uwar ƙungiyarmu, matar wani farfesa, babbar mace mai jiki da kwarjini, wadda duk muke kira Hajiya. Na kawo mata kujera a inuwa na ce zan tsinko mata.

Ta ce, "Ke, ni ba majinyaciya ba ce. Kawo tsanin nan."

"Hajiya, akwai tururuwa a wannan bishiyar."

"Tururuwar me? Ni da na hau giginya ina yarinya?"

Mu huɗu muka riƙe tsanin. Ta hau a hankali, ta kamo wani reshe da ya fi kowane ja, ta finciko. Ashe gidan kerengga yana jikinsa. Sai muka ji, "Innalillahi! Ku sauke ni! Sun shiga mayafi!" Tana saukowa tana karkaɗe jiki da hannu ɗaya, ɗayan kuwa yana riƙe da reshen gam. Makcik ta ja ta bayan rumfa, muka yi mata shinge da zannuwa muna tsince su ɗaya-ɗaya, kowa yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Da ta fito ta gyara ɗauri, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To ku yi dariyarku mana, kada ku mutu. Ina reshena?"

Nan muka zube. Har Pakcik da bai ji ko kalma ɗaya ba sai da ya share hawaye.

Bayan azahar hadari ya taso daga bayan tudu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka cure a rumfa, gwiwa na gugar gwiwa. Aka buɗe kuloli: dambu, shinkafa da wake, ga shinkafar kwakwa ta Makcik da jan barkononta. Pakcik ya ɗanɗani yajin ƙuli, ya sake miƙo faranti. Ruwa na dukan kwano, ba mai jin maganar wani sai an ɗaga murya, kowa kuwa magana yake yi. Tun da na bar gida ban ƙara jin hayaniyar biki irin wannan ba.

Kaka ta ci gaba har bishiyoyi suka koma kore zalla. Baƙi suka ragu, birai ma suka daina zuwa. Makon ƙarshe sassabe muka yi: Pakcik yana sare rassan da suka yi 'ya'ya don sababbi su tofo, mu muna ja muna tarawa.

Ranar rufe lambu ni da Makcik muka kwashi kwanduna muka gangara rafi mu wanke. Ruwan sanyi ƙarara, muka tsoma ƙafa muna dirza. Ina cikin ba ta labarin yadda ake cin kanya a garinmu, kwando ɗaya ya suɓuce mini ya bi ruwa. Na tattare zane na bi shi, ita ma ta biyo ni tana ihu, "Kama lah, kama!" Manyan mata biyu muna tsalle a kan duwatsu. Sai a wata kwana saiwar bishiya ta tare mana shi. Muka dawo sharkaf muna haki, Pakcik yana ta danna ham ɗin mota a sama. Da ya gan mu ya girgiza kai, ya shimfiɗa buhuna a kan kujerun mota kafin ya bari mu zauna.