Bishiya Arba'in da Shida a Rami Ɗaya

Shekara goma sha tara Baba Tuge ya yi a masana'antar sabulun da nake riƙe wa sito. Da gadi ya fara. Da gwiwa ta soma yi masa gardama aka mayar da shi shara, shekara huɗu da suka wuce kuma aka ɗaga shi zuwa jami'in dashen itatuwa. Ƙarin girman bai zo da komai ba sai shebur ɗaya, bokiti biyu da koriyar hula. Yana zaune a ɗakin kamfani da ke bayan sito, shi da matarsa da 'yarsu da mijinta ya rasu. Ranar da aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi, kuma kowa ya san haka.

Manajanmu ne ya ƙirƙiro muƙamin. Ya je taron kwana uku kan kula da muhalli, ya dawo mana da kalma ɗaya tak: ɗorewa. A jawabinsa na farko na ƙirga ta sau talatin da ɗaya cikin minti ashirin, tun daga nan muke kiransa Ɗorewa a bayan idonsa. Ya zo da ƙa'idoji uku, a rage, a sake amfani, a sake sarrafawa, ya buga su a takarda ɗari biyu da hamsin. Mu ɗari da ashirin ne a masana'antar, har da direbobi.

Sai ya kafa doka: duk babban baƙon da ya zo sai ya dasa bishiya a bakin ƙofa. Matsalar ita ce wurin da ya fi kyau a hoto, gaban allon kamfani, nan ne babbar mota ke juyawa. Ɗorewa ya warware wannan cikin sauƙi. Rami ɗaya, dashen mangwaro ɗaya, kuma ba a cire ledar da ke gindinsa. Baƙo ya tura ƙasa da shebur, a tafa, a ɗauki hoto. Motarsa na ficewa Baba ya tuge abinsa, ya mayar inuwa, ya rufe ramin da faifan ƙarfe. Daga nan sunan ya kama shi. Da ya taɓa yin ƙorafi, manaja ya nuna masa takardar da ke manne a bango ya ce ai ƙa'ida ta biyu ke nan, sake amfani.

Baƙo arba'in da shida suka dasa mangwaron nan. Rahoton shekara ya ce bishiya arba'in da shida. Shi kuwa bawan Allah, shekara huɗu cikin leda, bai wuce ƙugun mutum ba. Baba kan ce shi da mangwaron tafiyarsu ɗaya, kullum ana ɗaga su, ba su taɓa girma ba.

A daminar bana, washegarin baƙo na arba'in da shida, gwiwa ta kwantar da Baba sati bakwai. Babu wanda ya tuna da tugewa. Direbobi suka riƙa kauce wa dashen suna tsaki. Ranar da Baba ya miƙe, ya ɗingisa ya je ya kama gindin ya ja, ina tsaye. Sau uku ya ja. Leda ta fashe a ƙasa, saiwa ta kama, ga sabon ganye ja-ja har tara. Ya saki, ya goge hannu a riga, ya tafi ɗebo ruwa.

Satin ne aka ce mai bincike za ta zo ranar Alhamis, daga wurin masu ba da takardar shaidar kula da muhalli. In babu takardar, manyan masu sayen sabulunmu sun ce ciniki ya ƙare. Ɗorewa ya kira Baba ya ce a sare mangwaron a buɗe ramin, baƙuwa za ta yi dashe, an aika a sayo sabo.

"Yallaɓai, in sare bishiya don a dasa bishiya?"

Manaja ya ce ba muhawara ya kira shi ba. Baba ya ce zai haƙa wani ramin a gefe, manaja ya ce gefe ba ya fita a hoto. Baba ya ce to gatarinsa ba shi da ƙota. Aka ba shi zuwa safiyar Alhamis. Laraba da la'asar na ga takardar sallamarsa a teburin sakatariya, sa hannu kawai take jira. Na same shi na ce, Baba, ganye tara ne fa, ku kuma ku uku ne a ɗakin nan. Ya ce, "Ɗana, kai ƙirga kake yi. Ni sau arba'in da biyar na tuge shi bai yi fushi ba." Matarsa, da ke shanya a bayanmu, ta ce in aka fitar da su sai ya kwana a inuwar da ba ta kai faɗin tire ba.

Baƙuwar ta iso da rabin awa kafin lokaci, ta tarar da manaja da Baba a kan mangwaron, sabon dashe na ajiye a ƙasa. Mace ce mai tabarau da ɗan littafi, ba ta yawan murmushi. Ta ce a bar bikin dashe, ita lissafi ta zo dubawa. Ga ɗaya ta gani, ina sauran arba'in da biyar?

Ɗorewa ya yi tari, ya ce ai ga jami'in da ke kula da su. Ya kalli Baba irin kallon da ke tuna wa mutum inda yake kwana. Amsar ma a shirye take, an saba: suna wani fili can wajen gari.

Baba ya cire koriyar hularsa.

"Ranki ya daɗe, duk suna cikin wannan."

Ta nemi bayani, ya yi mata, har da leda da faifan ƙarfe. Ta cika shafi biyu. Ba ta ba da takardar ba, ba ta kuma hana ba. Ta ce wata uku, za ta dawo ta ƙirga bishiya arba'in da shida a tsaye, da saiwarsu a ƙasa, kuma wannan dattijon take so ya zaga da ita.

Takardar sallamar ba ta sami sa hannu ba. Sakatariya ta juya bayan takardar ta rubuta jerin kayan da Baba ya nema, diga, taki da tiyo mai tsawo. Manaja ya tara mu ya sanar cewa shi ya daɗe da wannan shiri a ransa.

Baba na haƙa rami biyu a yini, da gwiwar tasa, ba a ƙara masa ko mutum ɗaya ba. Jiya ya kai na goma sha takwas. Har yanzu yana ɗakinsa, aƙalla zuwa ranar da matar za ta dawo. Abin da zai biyo bayan ranar, ya ce shi ya sa yake haƙan a hankali, kuma ba wanda ya san layin da ya bi ya binne tiyon sai shi.