Jan Kwanso a Aljihu

A can ƙarshen kasuwar Maigatari, wani tsoho yana tsugune gaban mai sayar da harsashin farauta, wanda mutanen tsallaken iyaka ke kira kartush. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan ranƙwafa, ina jin aikin ratayar bindiga ne. Yana ɗaukar harsasan ɗaya bayan ɗaya, na Italiya da na Turkiyya, yana girgiza su a kunnen hagu. Na daman, da alama ƙarar harbi ta daɗe da kashe shi.

Can sai ya zaro wani tsohon kwanson harsashi daga aljihu, na kwali, jansa duk ya koɗe, ya ajiye kusa da sababbin na roba.

"Irin wannan nake nema. Da shi na ka da barewata ta ƙarshe a dajin Gagarawa."

"Baba, an daina kawo shi tun ina yaro," in ji mai kayan. "Dajin ma ya zama gonakin riɗi. Me ya rage yana yawo a ciki?"

Tsohon ya sansana kwanson, ya lumshe ido, ya mayar da shi aljihu.

"Ni," ya ce.