Femia, Matar da Ta Ƙi Kashe Wutar Lucero

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Doña Eufemia Archuleta ta riga ta sauko daga hasumiyarta mai matakala saba'in da huɗu. Durƙusawa take yi a gindin itacen pino, ta damƙo busasshen ganyensa, siririn nan mai kama da allura, ta lanƙwasa shi tsakanin yatsunta. In ya lanƙwasu, da sauran laima a daji. In ya karye ƙas, ranar a tsaye za ta ci abinci. Daga nan ta koma sama, ta ɗora kofi, ta bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya da madubin hangen nesa tana neman hayaƙin gobara, sannan ta kira ofishin gandun daji a oba-oba ta faɗi abin da ta gani. Haka take yi daga Mayu zuwa Oktoba, shekara talatin da ɗaya ke nan. Bana gwiwoyinta sun ce sun gaji, ƙarshen watan nan za ta sauko ba komawa.

Mu mutanen ƙauyen da ke ƙasan gandun, a nan arewacin New Mexico, Femia muke ce mata, in za mu girmama ta mu ce Doña Femia. Akwai shekarun da muka kira ta da wasu sunayen da ba zan rubuta ba, kuma ni Onofre Lucero na fi kowa iya su.

Kada wani ya ɗauka kowace wuta take ƙyalewa. Tsofaffin 'yan kwana-kwananmu sun shaida cewa wutar da mutum ya tayar, ko wadda ta tashi a ranar da ganye ke karyewa, kafin a cika minti biyar ta nemi jirgin sama mai zuba ruwa. Wutar aradu a cikin damina ce labarinta daban. Dokar gandun ta yarda a bar irin wannan ta ci, muddin ana sa mata ido. Wendell Harkey, shugaban kula da wuta, shi ke yanke hukunci, amma ofishinsa na nesa da mu mil arba'in. Ba shi da ido a dajin nan sai nata.

Shekara tara da suka wuce, a watan Yuli, aradu ta faɗi da la'asar a saman maɓuɓɓugar da ake kira da sunan gidanmu. Al'adar aikin ita ce wanda ya fara ganin wuta shi ke raɗa mata suna, da sunan wurin da ya fi kusa. Sai ga shi safe da yamma ana maganar Wutar Lucero a oba-oba, kamar ni na haife ta. Mil biyu ne tsakaninta da gidan da kakana ya gina, mai rufin katako. Mahaifiyata na ciki, shekararta tamanin da takwas, ta kuma rantse gawarta kaɗai za a fitar daga gidan.

Da na ga kwana huɗu babu jirgi babu kowa, na hau hasumiyar da kaina.

Na ce, "Doña Femia, wutar nan da kika raɗa wa sunana, yaushe ne jana'izarta?"

Ta ce, "Zauna tukuna, ɗan Lucero, kana huci kamar tsohuwar motarka. Ga kofi."

"Ban zo shan kofi ba. An ajiye ki nan ki ga wuta a kashe, ke kuma kin zauna kina kiwonta."

"Kiwonta nake yi kuwa. Zo ka duba."

Ta miƙo mini madubin. Harshen wutar bai kai gwiwa ba. Rarrafe take yi, tana cinye ganyen da ya zuba da matattun rassa da ƙananan tsiro, manyan itatuwa kuwa gindinsu kawai take baƙantawa ta wuce.

Ta ce, "Shekara ɗari muna kashe kowace wuta a dajin nan. Tarkacen da ya taru a ƙasa ya kai ƙugunka. Ko wannan ta cinye shi tana rarrafe, ko wata ta zo ta cinye shi tana gudu a kan itatuwa."

"In ta gangaro gidana fa?"

"In ta tsallake rafin da ke tsakaninta da gidanka, ni zan fara kiran jirgi, kafin ka gama zagina."

Na ce mata ai gidan uwarta ba ya ƙasan nan, shi ya sa bakinta ke da daɗin magana. Na juya na sauko. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, na tsaya a bakin ƙofa da takardar neman a cire ta daga hasumiya. Mutum sittin da uku suka sa hannu, sunana ne a sama. Tsoronmu ba na banza ba ne, domin dukanmu mun san garuruwan da aka ce musu an shawo kan wuta, daga baya ta kuɓuce.

A kwana na ashirin da uku, da tsakar rana, iska ta juya. Hayaƙin da ya saba tashi fari ya koma baƙi, toka ta fara zuba a kan shanyar mahaifiyata. Ni ɗan sa-kai ne a kwana-kwanar ƙauye, akwai oba-oba a motata, don haka da kunnena na ji komai.

Wendell ya ce, "Femia, ina da mutum ashirin a bakin kwazazzabo, jirgi kuma sai nan da awa biyu. In tura su ciki?"

"Kada ka tura ɗan kowa cikin kwazazzabon nan, Wendell. In iska ta rutsa su a ciki, ba su da mafita. Jera su a bakin rafi ta ɓangaren gidaje."

"Gidan Lucero fa?"

"Ganye ya lanƙwasu da safen nan. Ga hadari yana haɗuwa ta kudu. Ba ni zuwa ƙarfe huɗu."

"In kin yi kuskure, ni da ke mun gama aiki."

"Na sani. Ba ni zuwa huɗu."

Na danna maɓalli na zage ta tas, duk gandun yana ji. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan Lucero, sauka daga layi. Je ka sa wa Mama takalmanta, ka juya motar ta fuskanci hanya."

Na yi yadda ta ce. Mahaifiyata ta yarda ta saka takalmin, amma ta ƙi barin kujerarta. Ƙarfe uku wutar ta iso rumbun harawarmu da ke tsallaken rafi, wanda kakana ya sassaƙa gumagumansa da gatari. Ina tsaye ina kallo ya ruguje. Tartsatsi na faɗowa ta ɓangarenmu, mazan nan ashirin suna bi da shebur suna bugewa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Femia a wannan awar ba. Huɗu saura kwata iska ta kwanta. Huɗu da 'yan mintoci aka soma yayyafi. Wutar ba ta tsallake rafin ba, ta koma rarrafenta, bayan mako shida ta mutu don kanta.

Ban gode mata ba. Rumbuna nake gani, ba gidana ba. Shekara bakwai in mun haɗu a kanti sai in juya ina duba gwangwanayen wake.

Bara waccan, a watan Yuni, ko ɗigon ruwa ba a yi ba, wani baƙo ya tafi ya bar garwashi a inda ya kwana. Femia ta nemi jirage tun hayaƙin yana siriri, amma iskar ranar ta fi ƙarfin jirgi. Wutar ta hau kan itatuwa tana gudu. Ta cinye gidaje arba'in da ɗaya a kwarin da ke bayan dutse, inda shekara ɗari ba a bar wuta ta taka ba. Rana ta uku ta nufo mu, ƙararta kamar ta jirgin ƙasa. Da ta iso filin da Wutar Lucero ta share, sai ta rasa abin takawa ta hau sama. Ta faɗo ƙasa, ta dawo tsayin gwiwa, muka tare ta da shebur. Ina cikin masu tarewar. Na zauna a kan wani baƙin kututture na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ke ce, Femia, kika ga wannan ranar tun muna ganin hayaƙi kawai. Ke ce kika hana a jefa maza ashirin cikin kwazazzabo don a huce mini haushi. Mai gadin hayaƙi, kin sha zagi a bainar jama'a, ba ki rama ba, ba ki kuma taɓa tare ni kin ce ai na gaya maka ba. Mahaifiyata ta rasu bara a kan gadonta, a cikin gidan da ta rantse a kansa, tana da shekara casa'in da shida.

Makon jiya na sake hawa matakalar nan don in taya ta sauko da kayanta. Na tsara dogon jawabin ban haƙuri tun daga gida. Ina buɗe baki ta ce, "Har yanzu kana huci. Ɗauki akwatin can, ka bi a hankali, matakala ta goma sha biyu tana motsi." Da muka sauko ta sunkuya da ƙyar, ta damƙo ganye ta zuba mini a tafi. Na lanƙwasa, ya karye.

Ta ce, "To, je ka share ganyen da ke kewayen gidanka."

Na share. Ku ma maƙwabtana ku share naku, kuma in wadda za ta gaje ta a hasumiya ta ce a jira zuwa ƙarfe huɗu, ku tambaye ta abin da ta gani kafin ku nemo takarda da biro. Allah ya huta da gwiwoyinki, Doña Femia. Na gode. Hannun da ya fara sa suna a takardar korarki, shi ne ya rubuta wannan, kuma a cikin gidan kakana ya rubuta.