Shafin Da Na Tsallake

Ina da shekara sha bakwai aka zaɓe ni a ƙungiyar 'yan matan unguwarmu a Maamobi, wai ni ce mai baki. Kwana biyar ina hawa trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina, ana koya mana yadda za mu wayar wa 'yan'uwanmu kai. Aka ba ni riga da littafi mai hotuna, aka ce Allah ya ba da lada.

Duk Asabar bayan la'asar nake tara su a ajin islamiyya. Ni ce sharar aji, ni ce bin gida-gida ina roƙon iyaye su sako 'ya'yansu, ni ce rabon faɗa. Wallahi tun ba a je ko'ina ba na gaji. Ga wasu tsofaffin mata biyu masu sayar da gyaɗa a gindin taga, hannu na ƙulla leda, kunne na cikin aji.

Saboda su na tsallake shafi na uku, na jinin al'ada. A Madina da Turanci aka yi mana shi, bai yi nauyi ba. Amma da Hausa, a gaban matan da suka ci tuwon sunana? Bakina ya ƙi. Na zarce zuwa ƙanjamau, na ce ciwon a jini yake, kuma ba shi da magani. Ƙanwata 'yar shekara sha biyu tana bencin gaba, ta zuba mini ido.

Ba a daɗe ba ta daina sa hannu a kwanonmu. Ta ware kofinta, ta janye tabarmarta can bakin ƙofa, ta rame kamar kara. Mma, wato mahaifiyarmu, ta karɓo mata rubutu ta sha, shiru. Ni kuwa na ce iyayi ne, na wanke ta tas, na ce na gaji da 'ya'yan mutane, kar ta ƙara mini.

Wata Asabar na dawo murya a dishe, na same ta bakin kwata tana ƙona tsumma. Na kai hannu, ta ja da baya.

"Yaya, kar ki taɓa ni. Ina da shi."

"Kina da me?"

"Ciwon da kika faɗa. Jini ke fito mini, sau biyu ke nan. Ba na so ku ɗauka."

Inna lillahi! Na zauna nan a ƙasa da rigar ƙungiya a jikina. Kunya ta kama ni, irin wadda ta fi ta bakin taga. Na jawo ta jikina, na faɗa mata shafi na uku da Hausa, ba allo ba littafi. Bai ci minti biyar ba.

Ta daɗe tana kallon tokar tsumman. "Ke nan ba zan mutu ba?"

Na ce a'a, girma ne kawai.

Ta share hanci da gefen mayafi, ta ɗago ta dube ni. "Yaya, ashe tun ranar nan kin sani?"