Hannun da Maigidana Ya Ɗaga

Shekarar da aka fara zaɓen kansiloli a ƙasarmu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa, mutanen unguwa suka tura maigidana majalisar gari. Dariya na yi. Mutumin da in ya hango babana sai ya sake hanya, wanda bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba saboda kunyar suruki, shi ne zai tsaya gaban jama'a ya yi magana?

Ba a jima ba aka kawo zancen burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Manoma sun cinye ta kaɗan-kaɗan, kowace damina sai an yi rigima da makiyaya. Wanda ya fi kowa ci kuwa babana ne, waken da yake taƙama da shi duk a kanta yake. Da can maganar a zauren hakimi take mutuwa, don babu mai iya yi wa tsohon musu. Yanzu an ce kansiloli za su ɗaga hannu, ƙofa a buɗe.

Na roƙi maigidana ya ce zazzaɓi ya kama shi. Ya ce lafiyarsa lau. Na yi fushi sosai, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar zaman babana ya zo da buzunsa, ya shimfiɗa daidai gaban kujerun. Ni ina bakin taga. Da magajin gari, shugaban majalisar, ya tambayi masu son a buɗe burtali, maigidana ya tuɓe takalmansa, ya sunkuyar da kai, ya kau da fuska, sannan ya ɗaga hannu. Bai sauke ba sai da aka gama ƙirga, masu son a buɗe suka yi rinjaye. Kunya ta kama ni, sai kuma na ji ina alfahari da shi.

Rani guda babana bai amsa gaisuwarmu ba, abin ya ci mini rai. Da ruwan shuka ya sauka ya aika a kira ni.

Ya ce, "Ki ce ma mijinki shi taho shi gwada mani iyaka. Shi na yarda da shi, tunda bai raga mani ba."

Washegari na bi su gona. Maigidana na gaba, ba takalmi, yana kafa duwatsu, har yanzu ya kasa ɗaga ido. Babana na biye da shi, da ƙwaryar iri a hannu.